Na yanke ƙafar Knight ɗina, yanzu ya ƙi tsayawa

Bazazzagen Lesta

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu wannan sana'a ta haɗa ƙananan sojojin wasa da fenta su, mai cin kuɗi da hana barci. Na daɗe ina leƙe ba na magana, yau dai tura ta kai bango.

Wata biyu da suka wuce na sayi Imperial Knight na hannu a wurin wani mutum ta intanet, fam 45 har da kuɗin aikowa. Ga wanda bai san shi ba, shi ne ƙaton injin yaƙin nan mai ƙafa biyu na wasan Warhammer 40,000, wanda Games Workshop suka fitar da na robarsa a 2014. Mutum ɗaya ke shiga cikinsa ya tuƙa, kamar barde a kan doki cikin lifidi, sai dai nasa dokin na ƙarfe ne kuma igwa ce a hannunsa. Sojojin da na saba fentawa ba su kai tsawon ɗan yatsana ba. Wannan kuwa ya kusa taƙi guda, faifan da yake tsaye a kai ma tsawonsa ya kai santimita 17.

A hoto abin gwanin sha'awa. Da na buɗe kwali sai na ga ashe araha ba ta ado. Kamar an tsoma shi a tukunyar kunu aka tsamo, shuɗin fenti ya cike duk 'yan kusoshin jikin sulken, fuskar ma ba a gane ta. Na zuba Dettol, asalin mai ruwan ƙasan nan, a robar askirim, na jiƙa shi kwana biyu. Ɗakina ya koma warin asibiti har abokin zamana ya fara tambaya ko lafiya. Nan ma na yi wauta, na kai shi bakin famfo tun fentin bai gama fita ba, ruwa na taɓa shi ya zama danƙo ya manne a buroshin goge bakin da nake dirza da shi. Sai da na koma na sake jiƙawa. Amma dai ya fita, alhamdu lillahi, roba ta fito fes.

To daga nan ne na tsokano tsuliyar dodo. Duk wanda ya taɓa haɗa wannan abu ya san ƙafafunsa a daskare suke zuwa, cinya da ƙwauri a haɗe, ba ka da ta cewa. Shi ya sa in ka je kulob ranar Asabar za ka ga Knight biyar a kan tebura, duk tsayuwarsu ɗaya kamar 'yan fareti. Ni kuma na ce nawa sai ya bambanta. So nake ya ɗora ƙafar hagu a kan ɓaraguzan gini, kamar yana hawowa ya leƙa abin da ke bayan katanga. Na ɗauki zarto na raba gwiwar hagu gida biyu, na yanke wurin ƙugu, na lanƙwasa yadda nake so, na ɗiga sufa-gulu, na riƙe ina hura masa iska. Ya tsaya. Na yi masa hoto na tura wa ƙanena a Zariya, na kwanta ina jin kaina.

Da asuba na tarar da shi a ƙasa, ƙafa a gabas gangar jiki a yamma, haƙora uku na takobin sarƙar da ke ɗaya hannunsa sun karye. Karo na biyu na cusa Green Stuff, koren ƙullin nan da ake murzawa ya taurare, a gwiwar na ce ko shi zai riƙe. Wannan karon bai faɗi ba, amma kafin kwana biyu ya sunkuya a hankali kamar tsoho mai ciwon baya.

Don Allah wanda ya taɓa sauya wa babban abu irin wannan tsayuwa ya gaya mini da me ake riƙe shi. Sannan akwai maganar fenti. Na gwada ja a kan allon kafaɗa ɗaya, sawun buroshi ya fito raɗau kamar kunyoyin gona, abin da ban taɓa gani ba a ƙananan sojoji. Ba ni da bindigar feshi, ba ni da wurin ajiye kwamfaresa, ɗakin ma da kyar yake ɗaukata. Kuma ina so in tafi da shi daga nan Lesta ta Ingila zuwa gida Zariya a watan Disamba in ƙarasa shi a can, don hutun mako biyar gare ni.

Kawu Mai Zarto

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi dariya har matata ta leƙo, ba don mugunta ba, don na tuna kaina ne.

Ni ba da Knight na koyi wannan darasi ba. A 2001 kamfanin ya fitar da wani wasa mai suna Inquisitor, mutanensa milimita 54 ne, wato sun kusa ninka na 40,000 sau biyu a tsawo, kuma na ƙarfe ne zalla. In ka ɗauki guda ɗaya a tafin hannu sai ka ji kamar kwaɗon ƙofa. Wasan kuwa dokarsa ita ce kowa ya ƙirƙiri mutanensa, saboda haka dole ka yanke hannun wannan ka dasa wa wancan, ka samo kai daga sojojin tarihi na ma'aunin 1/32. Duk hannun da na manna da gam kaɗai a wancan zamani ya faɗi, ko ɗaya bai tsira ba. Yanzu an daina yin su tuntuni, amma abin da suka koya mini yana nan: ƙaramin soja gam ke riƙe shi, babba kuwa ƙashi yake so.

Amma kafin mu zo kan ƙashi, ajiye zarton nan ka tashi tsaye. Da gaske nake. Jawo kujera gaban madubi ka ɗora ƙafarka ta hagu a kai. Duba da kyau. Ƙafar damanka ta miƙe ta dawo ƙarƙashin cikinka, ita ke ɗauke da kai. Ƙugunka ya karkace, ɓangaren hagu ya ɗaga. Ƙirjinka ya ɗan rusuna gaba. Kai kuma me ka yi wa Knight ɗin? Na tabbata ƙafa ɗaya ka taɓa, ka bar ta daman a buɗe can gefe yadda aka ƙera ta don tsayuwar ƙasa. Shi ya sa nauyin ya rasa inda zai sauka, ya bi ta gwiwar da ka yanke. Ko da ƙarfe ka ɗaure shi a haka, ido zai ga kamar faɗuwa yake shirin yi. Dole ka saki ƙugun dama shi ma, ka jawo ƙafar ciki kaɗan. Ɗaura noti a zare ka sako shi daga tsakiyar gangar jikin, in bai sauka tsakanin tafukan biyu ba, ka sake lale. Kuma ka rage tsayin ɓaraguzan. Santimita biyu zuwa uku ya isa. Abu mai wannan nauyin ba ya ɗaga ƙafa kamar ɗan dambe.

Duk wannan gwajin da Blu Tack, ɗankon nan da ake mannawa a cire, za ka yi shi, ba da gam ba. Ka haɗa, ka yi hoto ta gaba, ta gefe, ta baya, ka je ka yi barci. Gobe ka duba hotunan. Abin da ido ya yafe da dare, hoto ba ya yafewa da safe.

To ga maganar gam. Sufa-gulu yana da ƙarfi in ja za a yi, amma ba ya jure murɗa da girgiza, tsagewa yake kamar gilashi. Knight ɗinka roba ce irin wadda siminti na roba ke narkarwa, irin Tamiya Extra Thin, mai koren murfi. Shi ba mannawa yake ba, narka fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya. Sai dai sharaɗinsa roba ta haɗu da roba tsirara. Saboda haka ka kankare duk busasshen sufa-gulun nan da wuƙa da samfefa har sai ka ga launin tokar robar. Green Stuff kuma ba laifinsa ba ne, aikin da ba nasa ba ka ba shi. Ko ya bushe yana da ɗan taushi kamar taya, na sassaƙa riga ne da gashi da igiya. Abin da kake so shi ne Milliput, wani irin ƙullin da ake yi a Wales. Shi in ya bushe dutse yake zama, ana huda shi, ana goge shi da magagari.

Ƙashin kuwa ga yadda nake yi. Ka samo wayar tagulla mai kaurin milimita 2, in babu ka je wurin mai gyaran keke ya ba ka wayar ƙafar keke guda biyu, ta fi ma ƙarfi, sai dai za ta ba filayarka wuya. Ƙafar dama, wadda ke ɗauke da nauyi, ka huda faifan daga ƙasa, ka huda tafin, ka zura wayar ta bi ta idon sawu ta shige cikin ƙwaurin har kusa da gwiwa. Cikin ƙwaurin rami ne, ka cika shi da Milliput wayar na tsakiya. Ragowar da ta leƙo ƙarƙashin faifan ka lanƙwasa ta kwance ka binne ta da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Ta hagu kuma ka lanƙwasa waya daidai kusurwar da kake so gwiwar ta yi, rabi a cinya rabi a ƙwauri. Ka bar shi kwana guda cur kada ka taɓa. Na san za ka taɓa, amma dai na faɗa.

Abu na ƙarshe, kuma nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya yi gaggawa: fistin-fistin ɗin idon sawu. In tafi ya karkata, na gefe ɗaya sai sun ƙara tsawo, na ɗaya gefen su gajarce. Yanke sandar kowanne ka bar gidansa, ka huda, ka sa sabuwar sanda ta roba ko ta tagulla daidai sabon tsawon. Yatsun ƙafar ma kada ka bar su a miƙe suna shawagi a iska, ka karya su kaɗan su kama dutsen. Yadda ka raba gwiwar gida biyu da zarto ya riga ya faru, amma nan gaba ka bi gefen da'irar gaɓar da wuƙa a hankali, ka cire ta ɗungurungum, sai ta juya kamar yadda ta gaske za ta juya.

Ɗan Maraɗi

Sannu da jarabta ɗan'uwa. Kawu ya gama magana a kan ƙafa, ni ban da abin ƙarawa, nawa na rezin ne da nake bugawa da inji, wata duniya ce daban.

Amma tunda ka ce tafiya za ka yi da shi, kada ka kuskura ka manne ƙugu da hannuwa. Sa maganaɗisu. A ƙugu babba, milimita 10 ko fiye, a makamai 6 ko 8. In ka yi haka zai rabu gida huɗu ko biyar, ka naɗe kowane a tsohuwar riga, ya shiga jakar hannu. Kuma yau ka fito da igwa, gobe ka cire ka sa mai tofa wuta, kuɗin Knight ɗaya kana wasa da uku.

Ka sa wa kowane maganaɗisu ɗigon alƙalami a fuskar da za ta shige ciki kafin gam ya taɓa shi. Ni na taɓa juya ɗaya, na kawo bindiga kusa da kafaɗa sai ta yi tsalle ta bar ni, sai da na fasa wurin na tono shi. Tun daga ranar gefe ɗaya kawai nake sa maganaɗisu, ɗaya gefen wosha ta ƙarfe, zoben nan na noti, ita ba ruwanta da gaba ko baya.

Gwangwanin fentin feshi kuma kada ka wahalar da kanka, ba a shiga jirgi da shi, ko a jakar hannu ko a babbar. Ko dai ka fesa a can kafin ka taso, ko ka saya in ka iso. Sannan in ka iso kada ka bar shi cikin mota a rana ko na awa ɗaya. Ni takobin wani nawa haka ya lanƙwashe kamar lauje.

Anti Mai Buroshi

Ƙanena sannu. Ni aikina ƙera ƙananan samfuran gine-gine ne a Abuja, wannan kuwa shi nake hutawa da shi in yara sun yi barci. Knight biyu na gama, duka ba da bindigar feshi ba, saboda haka kwantar da hankalinka.

Da farko ina fatan ba ka manne allunan sulken a jikin ƙarfen ba. In mai shi na farko ya manne, ka bi su da wuƙa a hankali ka ɓamɓare waɗanda za su ɓamɓaru. Wannan abu biyu ne a haɗe, ƙwarangwal da sutura, kuma kowane da irin fentinsa. Ƙwarangwal ɗin ba ya cin lokaci: baƙi a ƙasa, ka bi shi da Leadbelcher, fenti mai launin ƙarfe, da busasshen buroshi, ka kwarara masa Nuln Oil, baƙin fenti mai ruwa-ruwa, wuraren gaɓoɓi ka ƙara irinsa mai ruwan ƙasa, Agrax Earthshade, ya yi kamar tsohon man inji. Yamma ɗaya ta isa. Kada ka tsaya ƙawata abin da sulke zai rufe, na yi wannan a na farko, na ɓata kwana uku a bayan cinyar da har yau ba wanda ya gani.

Allunan su ne aikin. Kowane ka manna shi a kan tsinken tsire da Blu Tack, ka soke su a kwali su tsaya kamar tsiren mai nama. Yatsa kada ya taɓa fuskar.

Sawun buroshin da kake gani dalili uku ne suka haɗu maka. Fentin ya yi kauri, buroshin ya yi ƙanƙanta, kuma kana komawa kan wurin da ya fara bushewa. A kafaɗar ƙaramin soja kafin fenti ya farga ka gama, a nan kuwa kafin ka kai ƙarshen allon farkonsa ya fara kamewa, kana komawa sai ka yage fatar da ta fara yi. Ga kuma ja, wanda a cikin launuka yana cikin masu raunin rufi. In ka ɗora shi kai tsaye a kan baƙi sai ka yi ta maimaitawa har ka gaji ka kauraro shi, daga nan kuma an shiga uku. Ka fara shimfiɗa ruwan ƙasa mai ja-ja, ko ka fesa Mephiston Red na gwangwani tun kana can, shi ya fi sauƙi. Sannan ka samo buroshi mai faɗi mai laushi, faɗin farcen babban yatsa. Ka tsinka fentin har ya yi kamar madara. Shafa ta farko daga sama zuwa ƙasa, ka ajiye, ka ɗauki allo na gaba. Za ta yi muni, dabbare-dabbare, kada ka kula ta. Ta biyu daga hagu zuwa dama. Wajen ta huɗu za ka ga ya kwanta lumui.

Ni yanzu ma ba shafawa nake ba, dangwalawa nake. Ka san soson da muke shafa hoda da shi, mai kamar ƙwai? Shi. Ka ɗan jiƙa shi, ka dangwali fenti, ka rage a takarda, ka yi ta dannawa a hankali. Ba ya barin sawu ko kaɗan, kuma da shi nake haɗa duhu da haske: ja mai duhu a gindin allon, ja tsantsa a tsakiya, can sama inda rana za ta faɗo in ɗiga lemo kaɗan a ciki. Babban allo in launi ɗaya ne daga sama har ƙasa, robar wasan yara yake komawa komai tsabtar aikin. In kana da aure kada ka ɗauki na matarka, sayi naka. Fentin Contrast kuma, wanda suka fito da shi a 2019, ka ajiye shi don sojoji masu lunguna da yawa a jiki. A shimfiɗaɗɗen wuri taruwa yake ya bushe kamar sawun shayi a faranti.

In ja ya gama, sai bakin zinariyar da ya kewaye kowane allo. Wannan ba dabara, haƙuri ne kawai da rediyo. Daga nan ka rufe da banish mai sheƙi, ka manna tambarin a kai da Micro Set da Micro Sol, ruwan da ke tausasa tambari, don ya bi lanƙwasar kafaɗar, ka sake rufewa. Sai in kawo fentin mai, irin na masu zanen hoto, ruwan ƙasa mai duhu, in tsinka shi da farin tina mara wari, in ɗiga a gindin kowace kusa da kowane layi. Da kansa yake gudu ya bi lungu. Bayan rabin awa in goge abin da ya yi yawa da auduga. Daɗinsa shi ne ba ya saurin bushewa, in ka yi kuskure sai ka share.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe game da ƙujewa da tsatsa. Ɗauki ƙaramin sojanka ɗaya ka tsayar kusa da ƙafar Knight ɗin. Ka ga inda kansa ya tsaya? To duk ƙujewar da za ka yi, auna ta da tafin hannun wannan sojan. Mutane na yaga soso su dangwala manyan tabo, sai injin ya koma ƙarami a ido, don tabon da ka yi ya kai girman ƙofa. Ƙanana ƙwarai, a gefuna, a inda hannu ke gogar sulke, a yatsun ƙafa. Ƙura kuma daga gwiwa zuwa ƙasa kawai. Ƙanƙantar tabon ce ke sa a ga girman abin.

Maganar Disamba a Zariya kuwa, hunturu za ka tarar. Feshin gwangwani yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ka shafa ka ji kamar samfefa. In dole ne ka fesa, yi da sassafe, ka matso da gwangwanin kusa kaɗan, kana gamawa ka kife roba a kai saboda ƙura. Fentin ruwa kuma kafin ka wanke buroshi ya bushe a faranti. Ka sa jiƙaƙƙen soso a roba mai murfi, ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ka riƙa zuba fentin a nan. Abin da hunturu ya fi lokacin damina da shi ɗaya ne, banish mara sheƙi ba zai yi maka farin hazo ba. Ni a watan Agusta ya taɓa mayar mini da baƙin sulke kamar an barbaɗa masa gari.

Bazazzagen Lesta

Kai, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara sani. Kawu wallahi kamar kana ɗakin, ƙafar dama ko taɓa ta ban yi ba. Na hau kujerar kuma, abokin zamana ya shigo ya same ni ƙafa ɗaya a sama ina kallon madubi, ya juya ya fita bai ce komai ba. Bayan warin Dettol ga wannan, ban san me yake faɗa wa mutane a kaina ba.

Anti allunan kafaɗa da na ƙwauri duk sun fita tun a wanka, na saman ne kawai ya ƙi, zan fenta shi a jiki. Ba ni da aure tukuna, zan shiga kanti in sayi soson da kaina, Allah ya sa kada in haɗu da wanda na sani. Tambaya ɗaya: in na yi shi ja, dole ne ya zama na wani gida daga gidajen baradan da ke labarin wasan? Tambarin da ya zo da shi na House Terryn ne, su kuma shuɗi ne.

Kawu Mai Zarto

Ba dole ba ne. Ja dai an fi saninsa da House Raven da House Taranis, masu alaƙa da Mechanicus, ƙungiyar masu bautar inji a labarin wasan, shi ya sa za ka ga haƙoran giyar inji a tambarinsu. Amma a labarin wasan akwai waɗanda ake kira Freeblade, barden da ya bar gidansu yake yawo shi kaɗai da launinsa da tambarinsa. Ka ce naka shi ne, ba mai tuhumarka. Wanda ya sha faɗuwa daga tebur har sau ɗaya da rabi ai ya cancanci ya zama ɗan gudun hijira. Haƙoran takobin da suka karye ma kada ka gyara, ka goge bakinsu ka sa musu tsatsa.

Hajiya Mai Buroshi, aikinki na gani a rubuce na san hannu ne, amma ina da ja a kan tinar nan. Ina da wani da na kwarara wa ita a gaɓoɓi, bayan kwana biyu idon sawun ya tsage shi kaɗai. Tana shiga inda roba ke cikin matsi ta sa ta yi gautsi. Yaron nan kuma ƙafarsa duk yanka ce da ɗinki.

Kuma ɗana, kana Lesta, Nottingham na nan kusa da kai, jirgin ƙasa bai fi rabin awa ba. Kafin ka tafi gida ka je Warhammer World, cibiyar Games Workshop da ke unguwar Lenton, ka shiga wurin nunin. Ba don ka sayi komai ba, ka bar katin banki a gida. Ka durƙusa ka kalli ƙafafun manyan injinan da ke cikin gilashi, ka ga yadda aka dasa su a ƙasa.

Anti Mai Buroshi

Gaskiyarka Kawu, shi ya sa na ce a alluna, su kuma a kan tsinke suke, ba abin da ke danne su, ga banish a tsakani. Ƙwarangwal ban taɓa kai masa tina ba. Kuma ɗiga na ce, ba wanka ba. Maza in an ce ku ɗiga sai ku juye kwalba.

Ƙanena, tunda ja za ka yi, kada ka sa jar ƙasa a faifan, zai nutse a ciki. Toka-toka ko baƙin ƙonannen gini, sai jan ya fito.

Bazazzagen Lesta

Ga labari bayan kwana tara. Na sami wayar keke a wani shagon gyara, mutumin ya ba ni uku kyauta da na nuna masa hoton abin da zan yi da su. Filayata ta yi baki biyu wajen yanke su. Na saki ƙugun dama, na jawo ƙafar ciki, na rage ɓaraguzan zuwa santimita biyu da rabi, na binne manyan notina biyu a cikinsu don faifan ya yi nauyi. Kawu na taɓa shi bayan awa shida, ban iya haƙuri ba, amma bai motsa ba. Jiya da gangan na bugi teburin da gwiwa, kofin shayi ya zube, shi ko gezau.

Fistin huɗu na sake, ɗaya ya ɗan karkace amma yana ta baya. Soson hoda kuwa Anti, ban san me zan ce ba, kafaɗar ta yi sumul kamar ƙofar sabuwar mota. Na nuna wa Inna ta waya, ta ce da girmana da karatuna nake wasa da 'yar tsana, sannan ta ce in matso da shi ta ga zinariyar da kyau.

Sabuwar matsala: allon da ke rufe gwiwar hagu ya ƙi zama. Da ƙafar ta lanƙwashe, gefensa na sama yana tokarar sulken cinya, ya bar rata har ana hango Milliput ɗin ta ciki.

Kawu Mai Zarto

Dama zai yi. Kada ka taɓa fuskar da ka fenta. Juya shi ka ci bayansa da magagari ta gefen sama, kaɗan-kaɗan kana gwadawa, milimita ɗaya ko biyu za su isa. Ratar da ta rage ka yanko tsohuwar wayar caja, guntaye biyu ko uku, ka jera su a ciki su zama kamar jijiyoyin injin, ka yi musu baƙi. Turo hoton ta gefe in ka gama, ina so in ga diddigen daman ko ya zauna a ƙasa sosai.